Cingam: Abin da Muke Taunawa da Abin da Ya Sa Masa Zaƙi

Kusan duk abin da ɗan Adam ke kaiwa baki, haɗiyewa yake yi. Cingam ya fita daban: a saye shi da kuɗi, a yi ta tauna har muƙamuƙi ya gaji, sannan a tofar. Ba ya ƙosarwa, ba ya kashe ƙishirwa, amma da wuya ka tsaya gaban mai tebur ko ka shiga kanti ka rasa shi. Yara na saye don zaƙi da hura balan-balan, direbobin dare na saye don korar barci, wasu kuma don gusar da warin baki. Kaɗan ne daga cikinsu suka san da me aka yi shi. Alhali kuwa amfanin cingam da illarsa duk sun rataya ne a kan abu biyu, wato abin da aka zuba masa ya yi zaƙi, da yawan wanda mutum ke taunawa.

Ɗabi'ar tauna ta girmi kowane kamfani. A tsibirin Lolland na ƙasar Denmark, masu tonon kayan tarihi sun gano wani ɗan dunƙulen danƙon ɓawon bishiya da aka tauna shekara 5,700 da suka shuɗe. A 2019 masana suka bayyana cewa sun ciro ƙwayoyin halitta daga jikinsa, har suka gane mace ce ta tauna shi, mai duhun fata da shuɗin ido, wadda ta ci naman agwagwa kafin nan. Girkawan dauri suna taunar danƙon wata bishiya da har yau ake nomanta a tsibirin Chios. A tsakiyar nahiyar Amurka kuwa, al'ummun Maya da Aztec suna tsaga jikin bishiyar sapodilla su tatsi farin ruwanta, su dafa ya yi kauri, shi ne abin da ake kira chicle. Mutanen Aztec har ladubba suka gindaya masa: yara da 'yan mata na iya tauna a sarari, amma abin kunya ne a ga matar aure ko namiji yana yi a bainar jama'a. Wanda ya san irin kallon da ake yi wa yarinyar da ke ƙas-ƙas da cingam a gaban manya a ƙasar Hausa ba zai yi mamakin wannan ba.

A Amurka cingam ya zama haja. A 1848 wani mai suna John Curtis ya fara sayar da na danƙon bishiya a jihar Maine. Sai dai abin da ya sauya harkar ya zo ne ta hannun Janar Santa Anna, tsohon shugaban Mexico, wanda ke gudun hijira a New York a ƙarshen shekarun 1860. Ya zo da chicle da burin a sarrafa shi ya maye gurbin roba. Wani mai suna Thomas Adams ya yi ta gwaji da chicle ɗin abin ya ƙi, sai ya yanyanka abin da ya rage ya sayar a matsayin na tauna, kuma a 1871 ya yi rajistar injin yin cingam. William Wrigley, da ya isa Chicago a 1891, sabulu ya fara sayarwa, daga baya ya koma hodar kumbura burodi yana ba da cingam gyara. Da ya ga masu saye sun fi ɗokin gyaran a kan hajar, sai ya koma kansa ɗungurungum, ya fitar da Juicy Fruit da Spearmint a 1893. Cingam mai balan-balan kuma wani akanta ne na kamfanin Fleer, Walter Diemer, ya haɗa shi a 1928. Sojojin Amurka suka yaɗa shi duniya lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, domin yana cikin guzurin da ake raba musu.

Bayan yaƙin, bishiyoyin sapodilla sun kasa wadatar da kasuwa, sai kamfanoni suka koma ga abin da ake sarrafawa daga man fetur. Yawancin cingam na yau, ɓangarensa da ba ya narkewa dangin roba ne da leda, irin su polyisobutylene, wanda da danginsa ake yin tub ɗin taya, da polyvinyl acetate, wanda ake yin farin gam da shi. An tace su daidai yadda hukumomin abinci suka yarda, amma ba sa ruɓewa, shi ya sa wanda aka tofar ke manne wa ƙasa shekara da shekaru. Wannan ƙazanta, da yadda ake liƙa shi a ƙofofin jiragen ƙasa, su suka sa Singapore ta hana shigo da cingam da sayar da shi a 1992, sai a 2004 ta sassauta wa na magani. Yankinmu ma yana da hannu a wannan sana'a. Ƙaron da ake tsinka a jikin bishiyar dakwara a Sudan da Chadi, da Borno da Yobe da Jigawa, yana cikin abubuwan da ake yi wa cingam mai ƙwaya-ƙwaya rufi da su. A jikin takarda za ka gan shi da lambar E414.

Amfanin cingam da likitocin haƙori suka fi amincewa da shi a yawu yake. A bakin kowa akwai ƙwayoyin cuta da ke rayuwa a kan sukarin da ya maƙale bayan cin abinci. In sun ci, sai su fitar da tsami mai zaizaye farin rufin haƙori, a hankali har rami ya buɗe, abin da ake kira tsutsar haƙori. Tauna tana sa yawu ya ƙaru ninki-ba-ninki. Yawun nan yana wanke ragowar abinci, yana kashe kaifin tsamin, yana kuma ɗauke da sinadaran kalsiyam da fosfet masu gyara wurin da ya fara zaizayewa. Saboda haka ƙungiyar likitocin haƙori ta Amurka ke cewa taunar cingam marar sukari na minti 20 bayan cin abinci na taimakawa wajen kare haƙora. Mai sukari kuwa ba da dama yake yi ya karɓe da hagu: ya kawo yawu, ya kuma ciyar da ƙwayoyin cutar. Wanda ke jefa sabo a baki da zarar zaƙin na farko ya ƙare, wuni yake yi yana jiƙa haƙoransa da ruwan sukari.

To, me ke sa wa marar sukarin zaƙi? Kashi biyu ne. Na farko su ne sorbitol da xylitol da mannitol da maltitol, waɗanda su ne ke cika jikin cingam ɗin. Ƙwayoyin cutar baki ba sa iya mayar da su tsami yadda suke yi da sukari, kuma ba sa ɗaga sukarin jini sosai, abin da ya sa suka fi dacewa da masu ciwon suga. Xylitol ya yi suna ne bayan binciken da aka yi a birnin Turku na Finland a shekarun 1970, kuma a can aka fara sayar da cingam ɗinsa a 1975. Sai dai bitar da ƙungiyar Cochrane ta yi a 2015 ta nuna cewa hujjar da ke fifita shi wajen hana ruɓewar haƙori ba ta kai ƙarfin tallan da ake yi masa ba.

Matsalar wannan kashi a hanji take. Jiki ba ya tsotse su duka, sai ragowar ta janyo ruwa cikin hanji, ƙwayoyin da ke can su yi ta cinta suna fitar da iska. Ƙarshenta kumburin ciki da murɗa da gudawa. A 2008 mujallar likitanci ta BMJ ta buga rahoton wasu likitocin Berlin kan wata budurwa 'yar shekara 21 da ta yi wata takwas tana fama da gudawa, ta rame da kilo 11, gwaje-gwaje suka kasa gano dalili. Da aka bincika abin da take ci, sai aka tarar tana taunar cingam mai yawan da ke ba ta giram 18 zuwa 20 na sorbitol kullum. Tana dainawa gudawar ta tsaya. Masu kiwon karnuka kuma su sani xylitol guba ne ga kare, ɗan kaɗan na iya faɗar masa da sukarin jini har ya mutu.

Kashi na biyu su ne masu tsananin zaƙi da ake sa ɗan mitsitsi, irin su aspartame da sucralose da acesulfame K. Aspartame, wanda James Schlatter ya gano a 1965, ya ninka sukari zaƙi kusan sau 200, kuma shi aka fi cece-kuce a kansa. A watan Yulin 2023 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a rukunin 2B, wato abubuwan da ake zargin suna iya jawo cutar amma hujjar ba ta da ƙarfi. Labarin ya tayar da hankali, amma a rana guda kwamitin ƙwararru kan sinadaran abinci ya bar iyakar da aka sani yadda take: miligiram 40 ga kowane kilo na nauyin jiki a rana. Mai kilo 70 ke nan yana da miligiram 2,800, alhali ƙwayar cingam 'yan miligiram kaɗan ne a cikinta. Waɗanda aka hana shi kwata-kwata su ne masu wata cutar gado da ake kira PKU, domin jikinsu ba ya iya sarrafa phenylalanine da ke cikinsa. Su ake yi wa gargaɗin da ke jikin takarda.

Ita kanta taunar tana da nata. A asibiti, bincike ya nuna cingam na taimaka wa hanji ya farfaɗo da wuri bayan tiyatar ciki, har da ta haihuwa, amma wannan sai da umarnin likita. Akwai kuma mai ɗauke da nikotin, da aka ƙirƙiro a Sweden don masu son barin sigari. Ta ɗaya ɓangaren, wuni ana tauna na gajiyar da gaɓar muƙamuƙi, ya kawo ciwon kai da ƙara in an buɗe baki, ya kuma sa a haɗiyi iska. Zancen da ake tsorata yara da shi cewa wanda ya haɗiye cingam zai naɗe masa hanji ba haka yake ba, fita yake yi tare da bayan gida cikin 'yan kwanaki. Amma an samu yaran da suka mayar da haɗiyewa ɗabi'a har ya taru ya toshe musu hanji, kuma ƙaramin yaro na iya shaƙewa da shi. Kada a ba wanda bai kai ya san tofarwa ba.

Mai son cingam ya juya takardar ya karanta kafin ya biya: ya duba lambar NAFDAC in a Najeriya yake, da ranar lalacewa, da ko sukari ne a farkon jerin kayan haɗin. Ya zaɓi marar sukari, ya tauna bayan abinci na kamar minti 20, ya naɗe a takarda ya jefa a shara. Cingam ba ya cire dattin da ya manne a jikin haƙori, wannan aikin buroshi ne da man goge baki da aswaki. Warin bakin da ya ƙi tafiya kuwa, ƙamshin na'ana'a rufe shi kawai yake yi na ɗan lokaci. Sau da yawa alama ce ta ciwon dasashi ko haƙorin da ya ruɓe, kuma likitan haƙori ya kamata ya duba shi.