Kalmomi Bakwai da Aka Goge a Jakarta: Darasi Daga Takardun Kafuwar Indonesiya

 

Indonesiya tana sahun gaba cikin ƙasashen da suka fi yawan Musulmi a duniya. Ƙidayar 2020 ta nuna mutanenta sun haura miliyan 270, kuma kusan kashi 87 cikin ɗari Musulmi ne. Duk da haka tsarin mulkinta bai ayyana Musulunci a matsayin addinin gwamnati ba, kuma bai raba ƙasa da addini ba. An gina ta ne bisa ginshiƙai biyar da ake kira Pancasila: imani da Allah Makaɗaici, mutunta ɗan Adam bisa adalci, haɗin kan ƙasa, mulki ta hanyar shawara tsakanin wakilan jama'a, da adalcin zamantakewa ga kowa.

Yaran makaranta a can suna haddace waɗannan biyar. Amma wanda ya tsaya a hadda ya san inda aka sauka ne kawai, bai san hanyar da aka biyo ba, balle abin da aka bari a hanya. Wannan labarin yana cikin wasu takardu na 1945, kuma su za mu bi ɗaya bayan ɗaya.

Jawabin 1 ga Yuni

Japan ta ƙwace tsibiran daga hannun Holan a 1942. Da yaƙin duniya na biyu ya juya mata baya, sai ta kafa kwamitin ƴan ƙasa don shirye-shiryen ƴancin kai. Kwamitin ya fara zama ranar 29 ga Mayun 1945, ƙarƙashin Dakta Radjiman, wanda ya jefa tambayar da ta raba kan jama'a: a kan wane tushe za a gina sabuwar ƙasa?

Ki Bagus Hadikusumo, shugaban ƙungiyar Muhammadiyya, ya nemi a gina ta kan Musulunci. Masana irin su Supomo sun so a raba sha'anin gwamnati da na addini. Ranar 1 ga Yuni Sukarno ya miƙe ya kawo ginshiƙai biyar, ya raɗa musu suna Pancasila. Abin lura a nan shi ne, a jerin da ya kawo, kishin ƙasa ne a farko, imani da Allah kuwa a matsayi na biyar.

Yarjejeniyar Jakarta

Jawabin bai kashe gardama ba, don haka mutum tara suka zauna neman matsaya. Cikinsu akwai Sukarno da Muhammad Hatta da Muhammad Yamin. Daga ɓangaren ƙungiyoyin Musulunci akwai Alhaji Agus Salim, da Wahid Hasyim na Nahdatul Ulama, da Abdulƙahar Muzakkir, da Abikusno. Akwai kuma Kirista ɗaya, A.A. Maramis. Ranar 22 ga Yuni suka amince da daftarin gabatarwar tsarin mulki, wanda aka sani da Yarjejeniyar Jakarta.

Abu biyu suka sauya. Imani da Allah ya tashi daga na biyar ya koma na farko. Sannan aka ƙara masa wata jimla mai kalmomi bakwai a harshen Indonesiya, wadda ke wajabta wa Musulmi aiki da shari'ar Musulunci. Wajibcin bai hau kan wanda ba Musulmi ba. A daftarin tsarin mulkin da ya biyo baya an kuma shardanta cewa shugaban ƙasa ya zama Musulmi.

Abin da ya faru cikin kwana ɗaya

Japan ta miƙa wuya ranar 15 ga Agusta. Ranar Juma'a 17 ga Agusta, cikin watan Ramadan, Sukarno ya karanta shelar ƴancin kai a ƙofar gidansa a Jakarta. Jimla biyu ce kacal, shi da Hatta suka sa mata hannu.

Hatta ya ba da labari a rubuce-rubucensa cewa da yammacin ranar wani hafsan sojan ruwan Japan ya kawo masa saƙo: Kiristocin gabashin ƙasar sun ce idan kalmomin nan bakwai suka tsaya, sun gwammace su zauna a wajen jamhuriyar. A lokacin ana sa ran Holan za ta dawo neman mulkinta, kuma duk ɓarakar da ta samu za ta shiga ta nan. Washegari da safe, kafin a buɗe zama, Hatta ya keɓe da wasu shugabannin Musulmi, ciki har da Ki Bagus da Kasman Singodimedjo da Teuku Muhammad Hasan na Aceh. Suka yarda a cire jimlar. A madadinta aka siffanta Allah da kaɗaitaka, abin da malamai da dama suka karanta a matsayin tauhidi. Sharaɗin addinin shugaban ƙasa ma ya fita. Har kalmar Larabci "Muƙaddima" da ke kan gabatarwar aka musanya ta da ta harshen gida.

A wannan zaman ne Sukarno ya bayyana cewa tsarin mulkin na wucin gadi ne, an yi shi cikin gaggawa, kuma za a rubuta cikakke idan ƙura ta lafa. Wannan magana tana cikin bayanan zaman, kuma sai da ita ake gane dalilin da ya sa wasu shugabannin Musulmi suka ɗauki sassaucin a matsayin jinkiri.

Maganar ba ta mutu ba

Majalisar rubuta tsarin mulki da aka zaɓa a 1955 ta zauna a Bandung daga 1956. Muhammad Natsir na jam'iyyar Masyumi ya sake neman a gina ƙasa kan Musulunci, wasu suka tsaya kan Pancasila, kuma babu ɓangaren da ya samu kashi biyu cikin uku da doka ta buƙata. Ranar 5 ga Yulin 1959 Sukarno ya rushe majalisar, ya maido da tsarin mulkin 1945. A cikin wannan doka ya rubuta cewa Yarjejeniyar Jakarta ita ce ruhin tsarin mulkin, kuma haɗe take da shi. Har yau masana shari'a na saɓani kan nauyin wannan jimla.

A 2002, lokacin gyaran tsarin mulki, wasu jam'iyyu sun nemi a dawo da kalmomin bakwai. Shugabannin Nahdatul Ulama da Muhammadiyya, manyan ƙungiyoyin Musulmin ƙasar, ba su goyi baya ba, kuma buƙatar ba ta wuce ba. Tun 1984 Nahdatul Ulama ta karɓi Pancasila a babban taronta, ita kuwa Muhammadiyya a 2015 ta kira Indonesiya ƙasar alkawari da shaida. A aikace kuma an kafa ma'aikatar harkokin addini tun Janairun 1946, an yi dokar kotunan addini a 1989 da ta zakka a 1999, lardin Aceh kuma yana aiki da shari'a.

Wasu na kwatanta sassaucin 18 ga Agusta da sulhun Hudaibiyya a shekara ta 6 bayan hijira, inda Suhailu ɗan Amru ya ƙi yarda a rubuta laƙabin Manzon Allah, Annabi (SAW) kuma ya amince a goge shi don sulhu ya ɗore. Wasu kuwa na ganin an warware cikin safiya guda abin da aka ɗauki makonni ana ƙullawa. Ɗalibi ba zai iya auna hujjar kowane ɓangare ba sai ya ajiye daftarin 22 ga Yuni kusa da nassin 18 ga Agusta ya karanta su layi-layi.

Takarda ma tana da isnadi

Akwai wani darasin. A 1959 Muhammad Yamin ya buga bayanan zaman kwamitin, ya sa wani jawabi nasa mai kwanan wata 29 ga Mayu, wanda ke nuna ya riga Sukarno kawo ginshiƙan biyar. Hatta da wasu da suka halarci zaman sun musanta haka. Gwamnatin Suharto, wadda ke son dusashe sunan Sukarno, ta fifita ruwayar Yamin, kuma daga 1970 aka daina bikin 1 ga Yuni a hukumance. Daga baya masu bincike suka koma kan tsofaffin bayanan zaman da aka adana, suka sake tantance ruwayar. A 2016 gwamnati ta ayyana 1 ga Yuni a matsayin ranar haihuwar Pancasila.

Ɗalibin hadisi ya san wannan aiki. Kafin ya duba matani yakan tambayi wa ya ruwaito, daga wa ya ji, kuma shin ya halarci abin. Tambayoyin da ake yi wa takardar tarihi ke nan: wa ya rubuta ta, yaushe, wa ya adana ta, kuma wa zai amfana idan aka sauya ta. Ko labarin hafsan Japan ɗin nan, ruwayar Hatta ce, shi ya sa muka jingina ta gare shi.

Nasiha ga ɗalibai

Ya ku ƴan'uwa, aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da rubuta bashi da kafa shaidu, kuma Suratul Ma'ida ta buɗe da umarnin cika alkawura. Al'ummar da aka koya wa haka bai kamata ta yi sakaci da takardun da aka ƙulla zamanta da maƙwabta a kansu ba.

Ko a Yamai kake, ko Kumasi, ko Garwa, ƙasarka tana da tsarin mulki, da gabatarwarsa, da muhawarar da aka yi kafin a amince da shi. Nemi nassin da kanka a ɗakin karatu ko gidan adana takardun tarihi. Idan ka samu tsohon tsari da sabo, gwama su, ka lura da kalmar da ta shigo da wadda ta fita, ka bincika dalili. Malaman makarantunmu kuma za su iya ware zama ɗaya a zango don karanta irin wannan takarda tare da ɗalibai. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wanda ya karanta ba a cika ruɗarsa da guntun saƙon WhatsApp ba, kuma idan ya tashi neman haƙƙin Musulmi ko kare haƙƙin maƙwabcinsa, da hujja zai yi magana.

Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya sa mu cikin masu cika alkawari, Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya. Amin.