FITILA KO TARANSISTO: GARDAMA A KAN MURYAR TSOHON FAIFAI

Garin Sassumbrum yana cikin gundumar Magarya, a kudancin jihar Damagaram, dab da iyakar Najeriya. Ƙasa ce ta noma da fatauci. A zamanin da gyaɗa ke da daraja, lokacin da kamfanin SONARA, wanda aka kafa a shekara ta 1962, ke sayenta a kasuwannin yankin, kuɗin kaka kan shigo hannun manomi a dunƙule. Wanda ya samu rara bayan ya biya haraji, ya yi wa iyali sutura, sai ya dubi keke ko akwatin radiyo. Mai hali sosai kuwa yakan kai ga garmaho da fayafayansa. Yau kaset ma ya zama tsohon yayi, waƙa ta koma cikin wayar salula. Amma faifan da ya tsira yana nan kwance a ƙarƙashin adaka, da muryar mawaƙin da ya daɗe da rasuwa a cikinsa. Abin tambaya shi ne: da wace na'ura za a tashe wannan murya ba tare da an ɓata ta ba?

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai mutanen da suka mai da sauraron faifai abin sha'awarsu. Sukan taru a ɗaki guda, kowa ya zo da na'urarsa, a yi ta gwadawa. Ba su da kaɗan, domin a shekara ta 2022 an sayar da fayafayan roba kusan miliyan 41 a Amurka, suka zarce faifan CD a yawa. Cikin gardandamin da ba sa ƙarewa a irin wannan zama akwai ta wani ɗan akwati da ke tsakanin garmaho da babban amfili, wato ƙaramin amfili. Wasu sun ce na fitila ya fi, wasu sun ce na taransisto.

AIKIN ƘARAMIN AMFILI

Kafin a shiga gardama, ya kamata mai karatu ya san aikin wannan akwati. A bisa fuskar faifai akwai wani siririn kwari da ya nannaɗe tun daga baki har zuwa tsakiya. Kwarin nan ba miƙaƙƙe ba ne, yana da ƴan lanƙwashe-lanƙwashe da ido ba ya gani sosai, kuma su ne sauti. Idan allura ta bi ta cikinsa sai ta yi ta rawa, kan garmaho kuma ya juya rawar ta zama wutar lantarki. To amma wutar nan ƴar mitsitsiya ce ƙwarai. Kai irin na maganaɗisu, wanda aka fi amfani da shi, yana ba da kamar kashi 5 cikin dubu na bolt ɗaya, wato sai an ninka ta sau 300 kafin ta kamo ƙarfin dutsen tocila guda. Akwai ma wani irin kai mai tsada da wutarsa ba ta wuce kashi ɗaya cikin goma na wannan ba. Aikin farko na ƙaramin amfili shi ne ya ninka wannan wuta sau ɗari, ko sau dubu, don babban amfili ya samu abin kamawa ya miƙa wa lasifika.

Aiki na biyu ya fi wannan wuya. Lokacin da ake yanka faifai, da gangan ake rage sauti mai kauri, irin na ganga, domin in an bar shi yadda yake zai cinye fili, allura ma ta yi tsalle. Sauti siriri kuma, irin na sarewa, ana ƙara shi don ya rinjayi ƙarar ƙura. Mafi kauri yakan koma kusan kashi ɗaya cikin goma, mafi siranta kuwa a ninka shi kusan sau goma. Dole ne ƙaramin amfili ya juya wannan lissafi daidai wa daida. A shekara ta 1954 ƙungiyar kamfanonin faifai ta Amurka, RIAA, ta tsai da ma'auni guda don wannan aiki, daga baya sauran ƙasashe suka bi. Kafin nan kowane kamfani da nasa ma'aunin.

Ana iya gina akwatin da ɗayan abubuwa biyu. Na farko ƴar kwalba ce da aka zuƙe iskar cikinta, da wata ƴar waya da ke yin ja in ta ɗau zafi. Fitila Faransawa ke ce mata a harshensu. Baturen Ingila John Ambrose Fleming ya ƙirƙiro ta a 1904, Ba'amurke Lee de Forest ya ƙara mata waya ta uku a 1906, wadda ta ba ta ikon ƙara ƙarfin sauti. Na biyu shi ne taransisto, wanda masana uku, Bardeen da Brattain da Shockley, suka samar a ɗakin bincike na Bell a Amurka a ƙarshen 1947. Shi ba ya bukatar a ɗumama shi, kuma bai kai ƙwayar gyaɗa girma ba.

YADDA AKE GWAJIN

A zaman masu sha'awar faifai, akan ɗora faifai ɗaya a kan garmaho ɗaya, da babban amfili ɗaya, da lasifika ɗaya. Ƙaramin amfili kaɗai ake sauyawa. Masu goyon bayan fitila sukan ce muryarta tana da taushi da ɗumi, kamar mawaƙin yana zaune a ɗakin. Masu goyon bayan taransisto sukan ce nasu ya fi tsabta, ba huci, ba gurnani, kuma kiɗan ganga yana fita da ƙarfinsa.

Kowane ɓangare yana da hujja. A shekara ta 1973 wani injiniya mai suna Russell Hamm ya buga sakamakon bincikensa a mujallar injiniyoyin sauti ta Amurka, inda ya nuna cewa bambancin ya fi fitowa a lokacin da aka ɗora wa na'ura abin da ya fi ƙarfinta. Fitila takan ƙara wa sauti wani amo da ke tafiya tare da shi, kamar muryar yaro a bisa ta babba cikin waƙa ɗaya, kunne kuwa yana jin daɗin haka. Taransiston wancan zamani yakan datse sautin ne farat ɗaya, ya fito da kaushi. Wannan yana da muhimmanci ga tsohon faifai, domin duk inda allura ta ci karo da karce, wutar takan yi tsalle nan take. Sai dai fitila tana da nata aibin. Tana tsufa, tana huci, kuma in lasifika ta girgiza ta, takan ɗauki girgizar ta haɗa da waƙa. Na'urorin taransisto na yanzu kuma sun yi nisa da na shekarun 1960.

Akwai kuma tarkon da gogaggu suka sani. Idan ɗaya daga cikin na'urorin biyu ta ɗara ɗayar ƙara, ko da ƙanƙane, kunne yakan ce ita ta fi daɗi. Haka nan ido yana ruɗin kunne: wanda ya ga fitila tana haske a cikin akwati mai tsada ya riga ya yanke hukunci tun allura ba ta sauka ba. Don haka a gwaji na gaskiya sai an daidaita ƙarar da ma'auni, a kuma ɓoye na'urorin. A shekara ta 1985 wani maƙerin na'urori, Bob Carver, ya ƙalubalanci editocin mujallar Stereophile a garin Santa Fe na Amurka. Ya ce su zaɓi kowane babban amfili suke so, zai gyara nasa na taransisto mai araha ya yi sauti irin nasa. Suka zaɓi na fitila mai tsadar gaske. Bayan ƴan kwanaki yana aiki, suka saurara, suka amsa cewa sun kasa rarrabewa. Darasin shi ne, yadda aka tsara na'ura ya fi abin da aka gina ta da shi tasiri.

HUKUNCIN DA KARKARA TA YANKE

Zaman sauraro da muhawara ba baƙon abu ba ne a Nijar. An buɗe gidan Radiyo Nijar a 1958, wanda ya zama Muryar Sahel a 1974. Tun daga 1962 aka kafa ƙungiyar kulob-kulob na radiyo, inda mutanen gari kan taru su saurari shiri, su tattauna a kansa, mai kula da kulob ya ɗauki maganganunsu a rakoda ya aika Yamai. To a irin waɗannan garuruwa gasar fitila da taransisto ta ƙare tun da wuri, kuma ba daɗin sauti ne ya raba gardamar ba. Wuta ce.

Fitila irin ECC83, wadda aka fi sakawa a ƙaramin amfili, tana bukatar bolt 6.3 don ɗumama wayarta, sa'an nan tana bukatar wata wutar da ta kai bolt 100 zuwa 300 kafin ta yi aiki. A ƙauyen da babu lantarki wannan ba ƙaramar matsala ba ce. An yi ƙoƙari: a 1949 kamfanin Ever Ready na Ingila ya ƙera wata radiyo mai fitila domin Rodeshiya ta Arewa, wato Zambiya ta yau, mai kama da tukunya, amma sai da ƙaton batir mai bolt 90. Da radiyo mai taransisto ta fito kasuwa a Amurka a 1954, kamfanin Sony na Japan ya biyo baya a 1955, sai al'amari ya sauya. Duwatsun tocila ƙalilan sun isa. Manomi ya rataye ta a reshen gawo yana noma, makiyayi ya saɓa ta a kafaɗa, mai shayi ya ajiye ta a gefen tebur. Kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, shi ya ƙarasa aikin, ya tura garmaho cikin adaka.

Har yanzu wannan hujja tana nan. Ƙaramin amfili na taransisto yana iya aiki da ƙananan batura biyu masu bolt 9, ko da farantin hasken rana. Fitila kuwa kamfanoni ƙalilan suka rage masu yin ta, galibi a Rasha da Sulobakiya da Sin, har ta yi wuyar samu a 2022 bayan ɓarkewar yaƙin Yukiren. Mai gyaran radiyo a Magarya ko Dungas zai fi saurin samun kayan taransisto a kasuwa da ya samu fitila sabuwa.

ABIN DA MAI FAIFAI YA KAMATA YA KIYAYE

An buga waƙoƙin Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da na Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, a kan faifai a Najeriya. A farkon shekarun 1960 kuma Tolia Nikiprowetzky ya ɗauki kiɗan makaɗan Nijar, kamfanin Ocora na Faransa ya buga shi. Ban da waɗannan sanannu akwai mawaƙan da faifai ɗaya tak ya rage shaidar sun yi zamani. Ga irin wannan faifai, akwai abubuwan da suka fi zaɓin fitila ko taransisto gaggawa.

Na farko, a san irin faifan. Tsoho mai nauyi, mai fashewa kamar tangaran, yana juyawa sau 78 a minti, kuma da wani ƙaro na ƙwari aka yi shi. Na roba, wanda kamfanin Columbia ya fito da shi a 1948, yana juyawa sau 33 da sulusi, ƙaraminsa na 1949 kuma sau 45. Kwarin tsohon ya fi faɗi, allurarsa ta kusa ninka ta na roba sau huɗu a kauri. Wanda ya sa allurar ƙarfe ta garmahon hannu a kan faifan roba ya kashe shi a juyi ɗaya. Na biyu, yawancin fayafayan 78 sun riga ma'aunin 1954, saboda haka ƙaramin amfili na yau, kowane iri ne, zai dusashe sautinsu, sai an gyara ma'aunin a na'ura ko a kwamfuta. Na uku, ajiya. Zafin bazara, wanda ke haura digiri 40 a wannan yanki, yana tanƙwara roba, ƙurar hunturu kuma tana cin kwari kamar yashi. A tsai da faifai a tsaye cikin rigarsa, a inuwa, kada a jibga shi a kwance. Kada a goge na 78 da sinadari mai barasa, domin yana narkar da shi.

Daga nan sai kwafi. Kowane juyi yana rage wa faifai kwana, don haka a wanke shi, a juya shi sau ɗaya da allura mai kyau, a ɗauki sautin a kwamfuta, a rubuta sunan mawaƙi da abin da ke jikin takardar. A wannan aiki ana neman na'urar da ba ta ƙara kome, ba ta rage kome, kuma a nan taransisto mai kyakkyawan tsari ya wadatar, ga shi da araha. Wanda ke son taushin fitila yana iya nemansa daga baya, lokacin hira, tun da an riga an adana asali. Cibiyar CELHTO da ke Yamai, wadda aka aza harsashinta a 1968 don tattara tarihin baka, shaida ce cewa an daɗe da sanin darajar muryar magabata a ƙasar nan.

Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Masu sha'awar faifai na ƙasashen waje suna da lokacin ci gaba da gardamarsu, domin fayafayansu suna da dubban kwafi. Magajin adaka a Sassumbrum ba shi da wannan sarari. Kafin bazara mai zuwa, ya kamata ya buɗe ta ya duba abin da mahaifinsa ya bari.