Ana Kallon Hajarka a Intanet Amma Ba a Saya? Ga Yadda Za Ka Gyara Tallarka da Wayar Hannu

Bayaninmu na yau na masu ƙaramar sana'a ne da suke tallata ta a waya: mai atamfa da leshi da take saro kaya a Kantin Kwari tana sayarwa daga gida, mai wayoyi a Farm Centre, mai turaren wuta, mai kilishi, mai ɗinki. Kukan kusan iri ɗaya ne. Ana ɗora hoto safe da yamma, mutum ɗari biyu sun kalla, data tana ƙarewa, amma mako ya wuce babu ciniki, jari kuma yana kwance. Wasu daga nan sai su fara biyan kuɗin talla, kuɗin ya tafi ba abin da ya sauya.

Sau da yawa matsalar ba ƙarancin masu kallo ba ce. Mai saye a intanet ba ya taɓa kaya, ba ya ganin fuskarka, kuma ya sha jin labarin damfara. Kafin ya tura kuɗi yana neman amsar tambayoyi uku: mene ne wannan kuma nawa ne, zan iya yarda da mutumin nan, ta yaya kayan za su iso ni. Duk tallar da ba ta amsa su ba, kallo kawai za ta samu.

1. Rubuta cikakken bayani, har da farashi

Hoto da “sabon kaya ya iso, a shigo DM” ba talla ba ne. Ka ɗora wa mai saye aikin tambaya, shi kuma yana jin nauyin ya tambaya ya ji kuɗin ya fi ƙarfinsa, sai kawai ya wuce. Wanda ya ga farashi kuma ya yi maka magana, to ya riga ya yi rabin shawara.

Kowace haja ta fito da abu biyar: sunanta kamar yadda ake kiransa a kasuwa, girma ko awo, farashi, garin da kake, da yadda ake kai kaya. Mai atamfa za ta rubuta irin atamfar, turmi ne mai yadi 6, kala nawa ake da su, kuɗin turmi ɗaya da kuɗin sari, tana Kano, a cikin gari ana kaiwa ranar, sauran jihohi ta mota kuma kuɗin mota daban. Mai waya zai faɗi samfurin, girman ma'ajiya, lafiyar batir, ko an taɓa canza sikirin, da kwana nawa ya ba da na gwaji. Idan farashi yana yawan tashi, sa kwanan wata a jikinsa don kada a yi rigima daga baya.

2. Koyar da mutane abin da ka sani

Talla zalla tana gundurar mutane, kuma ba wanda yake tura wa abokinsa ita. Abin da ake turawa shi ne bayani mai amfani. Kai ka san sana'arka fiye da kwastomanka, wannan sanin shi ne jarin da ba ka saka a kasuwa ba tukuna.

Mai sayar da wayoyin da aka taɓa amfani da su zai iya yin gajeren bidiyo yana nuna yadda ake danna *#06# a ga lambar IMEI, a gwada ta da wadda ke jikin kwali, ko inda ake duba lafiyar batir a iPhone. Mai atamfa za ta iya nuna yadda ake jiƙa gefen yadi a goga shi da farin ƙyalle a gane ko yana zuba. Mai turare ya bayyana yadda ake ajiye shi ƙamshi bai gudu ba. Wanda ya amfana ba lallai ya saya yau ba, amma ranar da buƙata ta taso, sunan wanda ya koya masa zai fara tunawa.

A ina za ka samo abin da za ka yi magana a kai? Buɗe hirarrakinka na wata ɗaya da ya wuce, ka rubuta tambayoyin da aka fi maimaita maka. Sannan ka fara rubuta sunan hajarka a wurin bincike na Google ko TikTok, ka lura da kalmomin da suke ƙarasa maka, domin daga abin da mutane suke nema suke fitowa. Tambaya ɗaya, bayani ɗaya. Kada ka cusa goma a wuri guda. Sau uku a mako ba fashi ya fi ashirin a rana ɗaya sannan a ji ka shiru wata guda.

3. Yi amfani da kalmomin da ake nema

Injin bincike yana haɗa abin da mutum ya rubuta da abin da kai ka rubuta. Idan duk bayaninka yana cikin hoto ne, ƙasan hoton kuma babu komai sai alamar wuta da zuciya, to ka rage wa kanka damar fitowa. Ka maimaita muhimmin bayanin da rubutu a ƙasa.

Akwai kuma abin da ya shafi Hausa. Yawancin mutane ba sa saka haruffa masu ƙugiya idan suna bincike, “dinki” suke rubutawa ba “ɗinki” ba, kuma wasu kayan da sunansu na Turanci aka fi nemansu. Don haka a sunan shafinka da layin farko ka sa kalmar yadda ake buga ta, ka haɗa da sunan gari. Shafi mai suna “Atamfa da Leshi Kano” ya fi sauƙin samu a kan wani laƙabi mai daɗin ji da ba ya nuna abin da ake sayarwa.

4. Gajarta hanya daga kallo zuwa magana

Idan sai mutum ya kwafi lambarka, ya ajiye, ya buɗe WhatsApp, ya nemo ka, da yawa za su watse a hanya. Akwai mahaɗi na kyauta da yake kai mutum cikin hirarka kai tsaye. Rubuta wa.me/ sai lambar ƙasa, sai lambarka ba tare da sifilin farko ba, babu alamar tarawa, babu tazara. Lambar Najeriya 234 ce, Nijar 227, Ghana 233, Kamaru 237.

Za ka iya sa saƙo ya rubuta kansa. A ƙarshen mahaɗin ka ƙara ?text= sai saƙon, duk inda tazara take ka sa %20. Misali ?text=Ina%20son%20atamfa. Mai saye yana dannawa zai tarar da saƙon a rubuce, turawa kawai zai yi. A Instagram mahaɗin da aka sa a ƙasan hoto ba ya dannuwa, don haka ka ajiye shi a bayanin kanka na saman shafi.

Idan har yanzu WhatsApp na yau da kullum kake kasuwanci da shi, koma WhatsApp Business. Kyauta ne, tun 2018 yake. Yana da katalog da ke ɗaukar haja har 500 da hoto da farashi, da saƙon maraba, da saƙon da ke fita idan ba ka kusa. Akwai amsoshin da ake ajiyewa, kana danna alamar / su fito, kamar lambar asusu ko bayanin kai kaya. Akwai kuma alamomin da za ka raba kwastomomi da su: sabon mai tambaya, wanda ya biya, wanda aka tura wa kaya.

5. Fahimci yadda sitatus yake aiki

Sitatus awa 24 yake yi, kuma ba mai ganinsa sai wanda ka ajiye lambarsa shi ma ya ajiye taka. Haka saƙon bai-ɗaya da ake tura wa jerin mutane: jeri ɗaya yana ɗaukar mutum 256, amma wanda ya ajiye lambarka kaɗai saƙon zai isa. Ke nan lambobi dubu da ka tara a waya ba su da amfani idan masu su ba su ajiye taka ba. Bayan kowane ciniki ka ce wa kwastoma ya ajiye lambar don ya riƙa ganin sabon kaya.

Kada ka zuba hoto arba'in a sitatus lokaci guda, mutane za su toshe ka ba ka sani ba. Kada kuma ka jefa mutane cikin guruf ba da izininsu ba, ko ka sayi lambobi kana tura musu talla. Idan aka yi ta kai ƙararka, WhatsApp na iya rufe lambar, duk hirarrakin kasuwancinka su tafi. Ban da haka, Najeriya tana da dokar kare bayanan mutane ta 2023, wadda ta ɗaure yadda ake amfani da bayanan wani, lambar waya ma tana ciki.

6. Shiga taswirar Google

Idan kana da shago, ko kana kai kaya da kanka ga kwastomomi a garinku, buɗe Google Business Profile. Shi ma kyauta ne. Shi ne yake sa sana'arka ta fito a Google Maps idan wani ya nemi mai gyaran waya ko tela a kusa da shi. Za ka sa suna, nau'in sana'a, lokacin buɗewa da rufewa, lamba da hotuna, sannan Google ya tantance cewa da gaske sana'ar tana nan, sau da yawa ta hanyar bidiyon wurin. Mai sana'a a gida tana iya ɓoye adireshi ta nuna yankin da take kai kaya kawai. Ka roƙi kwastomomin da suka ji daɗi su rubuta ra'ayinsu a can. Bambancin wannan da sitatus shi ne, wanda ya same ka a nan nema ya fito yi, kuɗi na hannunsa.

7. Gina amana da hujja

Ɗauki hoton kayanka da kanka a hasken rana, ka goge gilashin kyamara, ka guji tace hoto har kala ta sauya. Hoton da aka ciro a intanet yana kawo ciniki ɗaya da rigima ɗaya. Idan kaya yana da aibi, faɗa tun farko. Nuna bidiyon ɗaure kaya da lokacin miƙa su a tasha. Idan za ka nuna saƙon godiyar kwastoma, nemi izininsa, ka rufe suna da lamba.

Sunan asusun banki yana da tasiri sosai. Shafi da suna daban, asusu da sunan wani daban, nan take mai saye zai ja baya. Yi wa sunan kasuwancinka rajista a hukumar CAC idan hali ya yi, domin ka buɗe asusu da sunan. Kai ma ka kare kanka: kada ka saki kaya saboda hoton rasit ko saƙon alat, buɗe manhajar bankinka ka ga kuɗin sun zauna.

8. Kada ka zuba komai a gidan haya

Shafinka na Facebook ko Instagram ba mallakinka ba ne, haya kake. Ranar 4 ga Oktoba 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp sun ɗauke gaba ɗaya na kimanin awa shida. A shekarar ce kuma gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni har zuwa Janairun 2022. Wanda kasuwarsa take wuri ɗaya, zaman jira ya yi.

Abin da yake naka shi ne sunayen kwastomominka da lambobinsu da hotunanka. Ajiye lambobi a asusun Google ba a kan layi ba, ka kuma riƙe jerin masu saye a Google Sheets ko littafi: suna, gari, abin da ya saya, da rana. Kunna tabbaci mai mataki biyu a WhatsApp, wanda yake neman lambar sirri mai lamba 6. Kuma duk wanda ya kira ya ce ka karanto masa lambar da aka turo maka ta saƙo, ko da ya ce daga guruf ɗinku yake, ɓarawon asusu ne. Idan ya ƙwace lambarka, kwastomominka zai fara damfara da sunanka.

9. Ƙirga ciniki kafin ka biya talla

Yawan masu kallo ba ya biyan kuɗin haya. Abin ƙirgawa uku ne: mutum nawa suka yi magana, nawa suka saya, daga ina suka zo. Ga dabara mai sauƙi: yi mahaɗin wa.me daban ga kowane dandali, na TikTok saƙonsa ya ce “Na gani a TikTok”, na Facebook ya ce “Na gani a Facebook”. Bayan wata ɗaya za ka san inda ya cancanci datarka.

Sai bayan haka za a yi maganar talla ta kuɗi, kuma da lissafi. A ce ribarka a turmi ɗaya naira 1,500 ce, ka biya talla ta naira 9,000. Sai ka sayar da turmi 6 kafin kuɗin tallar ya dawo, riba daga na bakwai take farawa. Idan a cikin mutum goma da suke maka magana biyu ne suke saya, kana buƙatar mutum 30 su yi magana. Tallar da ba ta kawo haka ba asara ce, komai yawan waɗanda suka kalla. Fara da abin da ya riga ya kawo ciniki ba tare da kuɗi ba, ka taƙaita tallar ga garuruwan da kake iya kai kaya.

Daga ina za ka fara?

Ba sai ka yi duka a rana ɗaya ba. A makon nan ka saka haja goma a katalog da cikakken bayani da farashi, ka haɗa mahaɗin wa.me ka sa a duk shafukanka, ka kunna tabbaci mai mataki biyu, ka kuma amsa tambaya ɗaya da aka fi yi maka a bidiyon da bai wuce minti ɗaya ba. Mako mai zuwa ka shiga taswirar Google, ka fara rubuta sunayen masu saye. Ƙarshen wata ka duba lissafinka, ka ƙara ƙarfi a inda ciniki ya fito, ka rage a inda kallo kawai ake yi. Allah Ya kawo kasuwa mai albarka.