Sunan da ke jikin kwali ba ya riƙe sitiyarin babbar mota

Masu ƙera manyan motoci sun yi wa abubuwa da yawa na biyu, saboda sun san ƙarfe yana gajiya. Birkin iska an raba shi gida biyu, in layi ɗaya ya fashe ɗayan zai riƙe, in kuma iskar ta tsiyaye gaba ɗaya akwai sifirin da zai danne tayoyin baya da kansa. Tayoyin baya biyu-biyu suke, in ɗaya ta yi bindiga 'yar'uwarta za ta kai mota gefen hanya. Amma tsakanin hannun direba da tayoyin gaba hanya guda ce tak. Sitiyari yana juya akwatinsa, akwatin yana kaɗa wani gajeren hannun ƙarfe, hannun yana tura sandar ja, sandar ta juya taya ɗaya, sannan tayarod ta kai juyin ga ɗaya tayar. A bakin kowace sanda akwai boljoyin, ƙwallon ƙarfe da ke zaune cikin kofinsa. In ƙwallon sandar ja ya fice ko wuyansa ya karye, sitiyari zai riƙa juyawa a hannun direba fayau, ba tare da taya ta san ana yi ba. Tirelar da ke tafiyar kilomita 60 a awa, wanda shi ne iyakar da dokar hanya ta Najeriya ta ba ta a kan babban titi na ekspres, tana cin kusan mita 17 kowace daƙiƙa. Wanda ya san gangaren Hawan Kibo ko cunkoson Mararrabar Jos ba sai an faɗa masa abin da mita 17 ke nufi ba.

Shi ya sa tambayar da masu mota suka fi yi a gaban shago, wato kayan wane kamfani ne ya fi, take da muhimmanci, amma ita kaɗai ba ta wadatar ba. Sunan kamfani yana da amfani ne in an tabbatar da abu biyu tare da shi: cewa abin da ke cikin kwalin daga wannan kamfanin ya fito, kuma cewa don irin wannan motar aka ƙera shi. In ɗaya ya ɓace, mai mota ya sayi tawada da kwali ne da tsada.

Yana da kyau a fara sanin su wane ne a kasuwar. Kamfanoni irin su DAF na Holan da MAN na Jamus ba su suke ƙera kowane ƙarfen da ke jikin motarsu ba. Akwai masana'antun da sana'arsu ke nan, su suke kai musu. Lemförder, mai tambarin mujiya a cikin alwatika, yana cikin manyansu a sandunan sitiyari da boljoyin, kuma yana ƙarƙashin kamfanin ZF na Jamus, wanda ya sayi TRW na Amurka a 2015. A wannan shekarar ce kuma Bosch ya karɓe gaba ɗaya masana'antar akwatin sitiyari da a da suke haɗin gwiwa da ZF. Ma'anar wannan ga mai mota ita ce sau da yawa sandar da ke cikin kwalin kamfanin mota da wadda ke cikin kwalin masana'antar da ta ƙera ta tushensu ɗaya, amma ta biyun ta fi sauƙin kuɗi. Bayan waɗannan akwai sahu na biyu, irin su febi bilstein da DT Spare Parts na Jamus da Sampa na Turkiyya, waɗanda ke sayar da kayan maye gurbi ga motoci iri-iri. Masu irin wannan kasuwanci ba lallai ne kowane abu su ƙera da hannunsu ba, wani sukan sayo daga wasu masana'antu su gwada su sa sunansu, amma suna da adireshi da littafin lambobi da garanti, kuma suna da sunan da suke tsoron ya ɓaci. Sai sahu na uku, wanda shi ne ya cika kasuwa: farin kwali ko kwali mai walƙiya da sunan da ba a san gidansa ba. Na huɗu kuwa ya fi kowanne haɗari, shi ne jabu, kayan sahu na uku sanye da rigar sahu na farko.

Bambancin waɗannan ba ya bayyana a ido, kuma nan matsalar take. Ƙwallon boljoyin na kirki ana buga shi ne daga ƙarfe mai kyau, a gasa bayansa ya taurare don kada ya cinye, a bar cikinsa da ɗan taushi don ya jure dukan rami ba tare da ya tsinke ba. In an tauye wannan aikin, ko dai ya cinye da wuri ko ya karye farat ɗaya, kuma na biyun ba ya sallama. Robar da ke rufe ƙwallon ma ba ado ba ce. Ita ke tsare giris a ciki, ta hana ƙura da ruwa shiga. A hanyoyinmu, inda hunturu ke zuwa da ƙura damina ta zo da taɓo, robar da ta tsage cikin 'yan makonni ta gama da boljoyin ɗin, domin giris da yashi in suka haɗu sai su riƙa goge ƙarfen kamar yadda dutsen wasa wuƙa ke yi. Duk wannan ba a gane shi da auna nauyi a tafin hannu ko ƙwanƙwasa ƙarfe a ji ƙara, kodayake bakanike da yawa sun yarda da wannan gwajin. Mai jabu ya daɗe da sanin cewa nauyi ake dubawa.

Tunda ido ba ya rarrabewa, abin da ya rage shi ne a binciki hanyar da kayan suka biyo. A Ladipo ta Legas da Nkwo ta Nnewi da Ƙofar Ruwa ta Kano da Panteka ta Kaduna akwai 'yan kasuwa masu amana da suka san daga inda kayansu suka fito, akwai kuma waɗanda su kansu ba su sani ba. Mai amana zai rubuta rasit da sunan kamfani da lambar kayan, zai yarda a dawo masa da shi in bai zauna ba, zai kuma faɗi gaskiya cewa wannan na Jamus ne, wancan na Turkiyya, wancan kuma na araha. A duba ko tambari da lamba suna jikin ƙarfen kansa, ba a kwali kawai ba, a kuma nemi lambar a littafin kamfanin da ke intanet a ga ko ta dace da siffar abin da ke hannu. Takardar SONCAP ta hukumar kula da ingancin kaya tana taimakawa wajen shigo da kaya ƙasa, amma ba ta bin kowace sanda har cikin shago, saboda haka ba ta ɗauke wa mai saye nauyin bincike. Farashin da ya faɗi ƙasa da rabin na kowa shi ma shaida ce, kuma ba shaidar alheri ba.

Za a ce wannan magana ce ta mai kuɗi. Dala ta yi tsada, gas ya yi tsada, kuɗin lodi bai tashi daidai da su ba, mai mota ɗaya da ke ciyar da gida uku ba zai iya abin da kamfani mai motoci ɗari ke yi ba. Ƙorafin gaskiya ne, amma lissafin bai cika ba. Kuɗin sandunan sitiyari kaɗan ne in aka kwatanta da taya, kuma tayarod mai sako-sako ba ta riƙe saitin ƙafa, sai ta riƙa cinye tayoyin gaba ta gefe ɗaya. Abin da aka rage a wajen sanda ana biyansa a wajen mai taya, a ƙara da kuɗin aiki sau biyu da kwanakin da mota za ta yi a gareji ba lodi. Wannan kafin a zo maganar rai da dukiyar mutane. In aljihu bai kai sahu na farko ba, sahu na biyu daga hannun amintaccen dila mafita ce mai mutunci. Akwai wuraren da za a iya tsuke bakin aljihu a jikin babbar mota, madubi da kujera da fenti duk za su jira, amma ƙafar gaba ba ta cikinsu.

Wasu kuma sun rantse da ɗan Beljiyam, wato kayan gwanjo, suna cewa tsohon na ainihi ya fi sabon jabu. In tsakanin waɗannan biyun kaɗai za a zaɓa, suna da hujja. A wajen akwatin sitiyari ko aksil, gwanjo mai kyau da aka buɗe aka duba yana iya yin aiki shekaru. Amma boljoyin da sanduna kayan cinyewa ne, an ƙera su ne da sanin za a canza su. Wanda aka kwance daga motar da ta gama rayuwarta a Turai ba wanda ya san nisan da ya ci, ko motar hatsari ta yi, ko an doke shi da guduma wajen cirewa. Tsagar gajiya a wuyan ƙwallo takan fara siririya, a ƙarƙashin roba da tsatsa, inda ba mai gani. Sandar da aka miƙe da wuta ko aka yi wa walda kuwa ta rasa taurin da masana'anta ta ba ta, komai kyan hannun mai waldar. Dokar manyan motoci ta tarayyar Amurka ta haramta walda a boljoyin ɗin sitiyari ƙarara, ta kuma ƙayyade wasan sitiyari, misali sitiyari mai faɗin inci 20 da ke aiki da ƙarfin mai kada ya yi lilo fiye da inci 5 da kwata kafin taya ta motsa. Ƙarfe bai san ƙasa ba, abin da zai karya shi a can shi zai karya shi a hanyar Lakwaja.

Maganar da ta fi yaudarar masu son ƙara wa mota ƙarfi ita ce a sa mai kauri, wanda ya fi na kamfani. Akwai lokacin da haka ke da ma'ana, musamman in masana'antar da aka sani ta fitar da ingantaccen samfuri don wannan motar, ko mai wurin ɗura giris ga motar da ke aikin kwari da yashi. Amma kauri shi kaɗai ba inganci ba ne. Wuyan ƙwallo an yi shi da tsini mai gangara daidai da ramin da zai zauna, in gangarar ta saɓa ko da kaɗan ne, noti zai ɗaure amma ƙarfen zai taɓa ramin a wuri ɗaya kawai, ya riƙa motsi yana faɗaɗa shi har ya karye. Sannan dukan rami ba ya ɓacewa don an sa sanda mai kauri, yana wucewa ne zuwa abin da ke gaba, wato hannun akwati da sandar cikin akwatin da notocin da suka riƙe shi a jikin shasi, waɗanda sun fi tsada nesa. Mafi yawan abin da ke sa mutane neman mai kauri ma lodi ne da ya wuce kima. Doka ta 14 ta 2005 ta UEMOA, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, wadda Nijar ke ciki, ta ƙayyade nauyin aksil ɗin gaba a tan 6. Motar da kullum ake danne ta fiye da ƙarfinta za ta cinye boljoyin na kowane kamfani, sai dai wani ya ɗan fi wani jinkiri.

Akwai kuma masu cewa ai yanzu komai a Sin ake yi, har na Turawan. Wani ɓangare haka ne, kuma ba abin kunya ba ne. Howo na kamfanin Sinotruk ya cika hanyoyin Najeriya, ana ma harhaɗa shi a Legas, kuma MAN ya sayi kashi 25 cikin ɗari da hannun jari ɗaya na Sinotruk a 2009. Ƙasar da aka ƙera abu ba ita ke nuna ingancinsa ba, wanda ya tsaya a kan aikin kuma zai amsa in an samu matsala shi ke nunawa. Mai Howo ya nemi kayan Sinotruk na ainihi daga dilan da aka sani, domin su ma ana yi musu jabu. Kada kuma ya ɗauka cewa don wasu samfuran suna ɗauke da fasahar MAN, sandar MAN za ta zauna a motarsa.

Wannan ya kawo mu ga lamba, wadda ita ce abin da aka fi sakaci da shi. Ana sayen kayan sitiyari ne da lambar shasi ko lambar da ke jikin tsohon kayan, ba da cewa ba ni na DAF ba, domin samfuri ɗaya yana iya zuwa da aksil iri-iri. Bakunan tayarod ma sau da yawa ɗaya zarensa na dama ne ɗaya na hagu, don a iya saita ƙafa ba tare da an kwance ta ba. Motocin da aka shigo da su daga Ingila sun fi buƙatar kulawa. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama na titi tun 1972, saboda haka waɗannan motoci sai an mayar da sitiyarinsu hagu, kuma a wajen canza hannu akan haɗa akwati daga wata mota, hannu daga wata, sandar ja daga wata. A irin wannan motar lambar shasi tana nuna kayan da tuni aka cire, sai an bi lambar kowane ƙarfe da ke jikinta yanzu, a kuma duba ko an yi yanka da walda a wani wuri. Bayan an ɗaura sabon kaya a ɗaure noti da sifana mai auna ƙarfi yadda littafin motar ya ce, a sa sabon fin na makulli ba lanƙwasasshiyar ƙusa ba, a kai mota saitin ƙafa kafin ta ɗauki lodi. In ta dawo tafiyar farko a sake leƙawa: direba ya riƙa kaɗa sitiyari hagu da dama tayoyi na ƙasa, bakanike yana ƙarƙashi yana kallon kowane boljoyin, duk wanda wuyansa ko notinsa ya motsa a mazauninsa a kwance shi kafin motar ta sake hawa titi.