Izinin Maigida Kafin Ranar Naƙuda

Garin Daddara yana ƙasar Jibiya, bisa hanyar da ta taso daga Katsina ta nufi iyakar Nijar da Maraɗi. Mazajen wannan yanki da dama fatake ne. Mutum yakan yi kwanaki bai ga ƙofar gidansa ba, alhali kuwa ya bar iyalinsa da tsohon ciki. In naƙuda ta tashi ta yi gardama, sai a rasa mai ikon cewa a tafi asibiti, a yi ta jiran maigida har abu ya ɓaci.

Wani likitan mata da haihuwa, Farfesa Kelsey Harrison, ya bi diddigin haihuwa 22,774 a Zariya tun daga 1976 har 1979, aka buga sakamakon cikin 1985. Abin da ya gano shi ne, matan da ba su taɓa zuwa awon ciki ba, sai da wuya ta yi wuya aka kawo su, su ne suka fi mutuwa nesa ba kusa ba, su da 'ya'yansu.

Dalili kuwa a fili yake. Wurin awo ake gane hawan jini tun bai zama jijjiga ba, a gane ƙarancin jini, a ba da maganin zazzaɓin cizon sauro, a duba kwanciyar ɗa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara cikin 2016 mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya sau 8, na fari tun cikin watanni ukun farko.

Ga kuma sha'anin doguwar naƙuda. In kan ɗa ya maƙale a ƙugu, sai ya danne naman da ke tsakanin mafitsara da hanyar haihuwa, jini ya daina isa wurin, naman ya mutu, ya bar kafa. Shi ne yoyon fitsari. Galibi ɗan ba ya zuwa da rai, uwar kuma ta koma abar gudu a gidanta. Yankan gishiri ba ya buɗe ƙashi, sai dai ya ƙara rauni. Likita Kees Waaldijk, mutumin Holan, ya zo Babbar Ruga ta Katsina cikin 1983 domin aikin kuturta, ya iske irin waɗannan mata, ya shiga yi musu ɗinki, dubbai suka warke. An kuma buɗe wani asibitin irinsa a Danja, kusa da Maraɗi, cikin 2012. Amma fiɗa a kan lokaci ta fi ɗinki daga baya.

Saboda haka ya wajaba ga falke, kafin ya ɗaure kaya, ya furta izini gaban shaidu cewa a kai matarsa asibiti ko ba ya nan. Ya bar kuɗin mota hannun amintacce, ya shirya da direba, ya nemi 'yan'uwa masu ba da jini. In an ga zubar jini, ko kumburin fuska, ko ciwon kai mai tsanani, ko naƙuda ta wuce sa'a 12, to, a kama hanya.

Malamai kuwa su ake fara sallama wa a nemi addu'a da rubutun naƙuda. Malamin da ya yi addu'a sa'an nan ya ce a ɗauke ta maza a tafi, ba a musa masa. Allah ya sauki masu ciki lafiya, amin.