Yaran da Aka Haifa Mata-Maza: Abin da Ya Kamata Iyaye da Malamai Su Sani

A kan haifi jariri wanda ungozoma ba ta iya faɗi kai tsaye ko namiji ne ko mace, domin al'aurarsa ba ta fito sosai ta ɗayan biyun ba. Hausawa na kiran irinsa mata-maza. Wannan halitta ce daga ciki. Ba sammu ba ne, ba aikin iska ba ne, ba kuma laifin uwa ba ne. Malaman fiƙihu sun san da ita tun da daɗewa, suna kiranta hunsa, har littafin Muhtasar na Shehu Halil ya ƙare da hukuncin gādonta.

Yadda Abin Yake Faruwa

Har zuwa wajen mako na 6 da shigar ciki, gaɓoɓin haihuwa na ɗan tayi iri ɗaya ne ga namiji da mace. Daga nan ƙwayoyin gado da sinadaran jiki su ke karkatar da su. Idan wani sinadari ya yi yawa, ko ya gaza, ko jiki bai amsa masa ba, sai halitta ta tsaya tsaka-tsaki.

Mafi yawan abin da likitoci ke gani shi ne ciwon adirinal, wato wasu 'yan gaɓoɓi biyu da ke zaune bisa ƙoda. Yana samun kimanin jariri 1 cikin 15,000 a duniya. Ana gadonsa ne daga uwa da uba duka, saboda haka ya fi aukuwa a auren zumunci. Jaririya mace ce, tana da mahaifa, amma gabanta ya yi kama da na namiji.

Haɗari a Makonnin Farko

Yawancin jariran da ke da wannan ciwo jikinsu ba ya riƙe gishiri. Cikin mako na 2 ko na 3 sai su fara amai, su ƙi nono, su rame, su bushe. In ba a kai su asibiti ba, rai na iya salwanta. Maganin yana nan, ana shansa kullum har tsawon rai. Don haka ɓoye jariri saboda kunya babban ganganci ne. A Jos, Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo yana da likitocin yara da likitocin fiɗar yara. Mazauna Bukuru, Bassa, Barikin Ladi da sauran wurare su nemi asibiti mafi kusa ya tura su can.

Kada hidimar ranar suna ta sa a yanke hukunci da ka. A bari likitoci su gwada jini, su ɗauki hoton ciki. Kada a bar wanzami ya yi kaciya ko ya yanke wani abu. Abin da aka yanke ba ya komawa, kuma fiɗar da ba ta gaggawa ba tana iya jira har yaro ya yi wayon da za a ji ta bakinsa.

Shekarun Makaranta

Wani yaron ba a gane halinsa sai ya kai shekara 12 ko 13. Wadda aka rena a matsayin mace sai muryarta ta buɗe, gemu ya tsiro. Wata kuma ta girma ba ta ga al'ada ba. A nan ne wahala ke tsananta: tsokana a aji, tsoron shiga makewayi, gudun wanka a makarantar kwana, har yaro ya daina zuwa makaranta. Iyaye kuma su shiga zulumin maganar maƙwabta da batun aure.

Dokar Ilimin Bai Ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara 9, kuma Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 ta hana wulaƙanta yaro ko nuna masa bambanci saboda yanayin haihuwarsa. Saboda haka:

1. Iyaye su gaya wa yaro gaskiyar jikinsa sannu a hankali, daidai da wayonsa, su kuma saurari yadda shi kansa yake ji.

2. Hedimasta ya riƙe sirri, ya hana tsokana, ya ba yaro damar kewayawa da sauya tufafi shi kaɗai.

3. Idan bincike ya kai ga sauya suna, a nemi ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa game da takardar haihuwa, a kuma gyara rajistar makaranta.

4. Limamai, fastoci da masu unguwa su ja kunnen jama'a kan yaɗa zance.

Yaro amana ne a hannun iyayensa da al'ummarsa. A kai shi asibiti da wuri, a rufa masa asiri, a bar shi ya yi karatunsa.