Daga Gwatar Nima Zuwa Korle: Yadda Ake Auna Gubar Da Ke Kashe Kifi

Duk wanda ya zauna a Nima ko Mamobi ko New Town ya san babbar gwatar da ta ratsa unguwanninmu. Ruwanta yana gangarawa har ya haɗu da kogin Odaw a wajen Circle, daga nan ya bi ta Agbogbloshie ya zuba a tafkin Korle, Korle kuwa bakinsa a teku yake. Saboda haka abin da uwargida ta kwarara a bakin ƙofa da hantsi, ba a nan tafiyarsa take ƙarewa ba.

Dattawan Akra sun shaida cewa da can ana kamun kifi a Korle. Shara da najasa suka cinye iskar da ke cikin ruwan, ƙone-ƙonen wayoyin lantarki a Agbogbloshie suka ƙara masa dalma da tagulla, har aka rushe wurin a shekarar 2021. Wannan duk ɓarna ce da ido ke gani. Wadda muke son jawo hankalin iyalai gare ta ita ce ta maganin sauro, wadda ba a gani, kuma daga ɗakunanmu take fitowa.

To, yaya masana suke gane cewa magani guba ne ga halittun ruwa? A ɗakin gwaje-gwaje sukan jera kwantena da dama, kowane da kifi iri ɗaya, a zuba maganin kaɗan a na farko, a riƙa ƙarawa har na ƙarshe, a bar ɗaya da ruwa zalla domin kwatantawa. Sai a zura ido tsawon awa 96 ana ƙirga waɗanda suka mutu. Adadin maganin da ya kashe rabin kifin shi ake kira LC50, kuma iya ƙanƙantar wannan lamba iya ƙarfin gubar. Ba a tsayawa kan kifi kaɗai: ana gwada wasu ƙananan ƙwarin ruwa da ake kira Daphnia na awa 48, da gansakuka na awa 72, domin su ne abincin ƙananan kifi. Idan abinci ya ƙare, ai kifi ya tafi ko da maganin bai taɓa shi ba.

Bisa tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na yi wa sinadarai alama, duk abin da miligiram 1 ko ƙasa da haka a lita guda ya kashe rabin kifin gwaji, ya shiga sahun farko na masu guba. Irinsa ne ake buga wa hoton mataccen kifi kusa da busasshiyar bishiya a jikin kwalba.

Mu ɗauki deltamethrin, wanda ake jiƙa gidajen sauro da yawa da shi, ɗan'uwan sinadaran da ke cikin gwangwanin feshi. Ga wasu kifaye, gubarsa tana aiki a wajen kashi 1 cikin 1,000 na wancan miligiram ɗin. Ma'ana, giram 1 tak a cikin lita miliyan 1 ya isa ya yi kisa. Dalili shi ne, jikin ɗan'adam yana saurin farfasa wannan magani ya fitar da shi, kifi kuwa yana shaƙarsa tare da ruwa kai tsaye cikin jini, ya kasa fitar da shi da wuri, sai jijiyoyinsa su rikice. Maganin yakan manne wa laka, abin da ke rage ƙarfinsa a ruwa mai gudu, amma ya koma kan halittun da ke zaune a ƙasan rafi.

Kada wani ya fahimce mu a baibai. Ba mu ce a bar gidan sauro ba, domin zazzaɓin cizon sauro ya fi kusa da yaranmu fiye da kifin Korle, kuma a yadda ake amfani da shi ba ya cutar da mai barci. Magana ce ta inda ruwan wankinsa zai je.

Ghana ta taɓa ɗanɗana irin wannan. Gammalin 20, maganin da aka kawo domin gonakin koko, wasu masunta sun riƙa zuba shi a ruwan Volta kifi ya taso a mace su kwasa, jama'a kuma su saya su ci. Dokar kamun kifi ta 2002 ta haramta su da guba, kuma a 2009 yarjejeniyar Stockholm ta sa sinadarinsa, lindane, cikin jerin waɗanda za a kawar a duniya.

A gida abin da ake bukata kaɗan ne. A wanke gidan sauro a cikin baho da sabulu mara kaifi, a shanya a inuwa, ruwan kuma a zuba shi a ƙasa ko a rami nesa da rijiya da gwata. Ragowar maganin feshi kada a juye shi a magudana, kwalbarsa kuma kada ta zama ta ɗiban ruwa. 'Yan'uwanmu masu zuwa ƙauye hutu su gaya wa na can cewa gidan sauro ba komar kamun kifi ba ne, kuma ba a wanke shi a rafi. Mai sayen magani a kasuwar Nima kuwa ya juya kwalbar ya duba ko akwai hoton kifin nan, ya duba lambar rajistar hukumar EPA kafin ya miƙa kuɗinsa.